Minti Hamsin da Uku a Hanyar Agadas

SHAFI NA 37

Masu cika min waya da saƙo tun kafin in wanke ido, duk na gani. Wata har da cewa in Baba Zayyadu ya ƙara kwana a tsare ta daina karantawa. To 'yar'uwa, ni ma ba da son raina nake rubutawa ba. Ku gyara zama.

*

Kwana uku Mina ta yi tana zaman dirshan a ƙofar barikin da ke bakin garin Arlit. Sai a na huɗu, da hantsi, wani soja ya leƙo ya yafito ta.

Inna Hansai, matar Baba Zayyadu, ta miƙe za ta bi ta, sojan ya tare ta da bakin bindiga.

"Ita kaɗai aka ce."

Ofis ɗin ƙarami ne, ba fanka, ba taga sai ɗaya. Kumandan Kalilu na zaune bayan tebur, dogon mutumin Tawa, idanunsa jajur kamar wanda ya manta yadda ake barci. A gabansa akwai kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, yaran makarantar boko, da agogon awon gudu mai igiya. Mina ta san su duka biyun fiye da yadda ta san tafin hannunta.

Can kusurwa ta hango shi. Baba Zayyadu ne zaune a ƙasa, ankwa a hannu, ba hula. Shekara huɗu yana koya mata tseren tafiya, ba ta taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai yau. Ashe duk furfura ce.

"Ke ce Mina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Hausarta irin ta mutanen Abzin ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Kumandan ya tura mata kayen da ɗan yatsa.

"Kin san wanga?"

"Na san shi. Tafiyana ne a ciki."

"Tahiyarki." Ya buɗe shafi. "Tuli na bakwai, minti talatin da bakwai. Kin san mi ya hwaru a tuli na bakwai ran Alhamis?"

Duk Arlit an sani. 'Yan tawaye sun tare ayarin motocin da sojoji ke rakawa Agadas, daidai inda hanya ta yi kwari, suka kashe soja biyu. Washegari aka ga tulin duwatsu shafe da farar ƙasa a bakin kwalta, aka bi aka ƙirga, goma cif, kowanne kilomita ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa. Da aka tambayi wa ya tara su, ko 'yan tallan shayi sun san amsa. Baba Zayyadu ne ya auna hanyar da igiya, da hannunsa, tun shekarar da kamfanin ma'adini ya sallame shi ya rasa abin yi da safiyarsa.

"Yarana biyu," in ji Kumandan. "Ɗaya matarshi ciki gare ta. Wani ya zamna shekara huɗu yana rubuta minti nawa mutum ka yi da ƙahwa daga gari zuwa wurin. Ke kuma ki ce min wasa na?"

"Wallahi wasa ne. Tafiya ne na gasa. Ba a gudu. Ƙafa ɗaya dole yana ƙasa kullum, gwiwa na gaba kuma a miƙe. In ka lanƙwasa, ko ka tashi sama, ka yi gudu kenan, alƙali ya fid da kai."

Ta zaro takarda daga cikin rigarta. Takardar Yamai ce, mai hatimi, da ke cewa an zaɓe ta ta wakilci ƙasa a tseren tafiyar kilomita goma na mata, a babbar gasar da za a yi ƙetare. Saura kwana shida. Sunanta na cikin masu bin ayarin yau, ƙarfe biyu.

Kallo ɗaya ya yi wa takardar ya ture.

"Takarda kowa ka iya rubuta ta." Ya koma ƙarshen shafi. "Tuli na goma, minti hamsin da ukku. Sojana ƙato, kilomita goma awa da rabi yake yi. Ke mace, kamar sillen kara, ki ce min hamsin da ukku? Kuma ba gudu?"

"Ba gudu."

Ya rufe kayen. Sannan ya ɗauki agogon ya rataya a wuya.

"To mu tahi in gani."

"Yanzu?"

"Yanzu. In kika yi hamsin da ukku da tahiya, na yarda kayen naki na, in kwance shi da hannuna ki bi ayarinki. In kika kasa, shi ma ya bi ayarin, amma a motar masu laihi. Inda za a kai shi kuwa ba ni da iko can."

Kowa ya san can ɗin da yake nufi. A waɗannan shekarun, wanda aka sa a wannan motar, iyalinsa ko labarinsa ba su cika samu ba.

Sai a lokacin Baba Zayyadu ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, da asuba take yi. Yanzu rana ta take. Kwana uku yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba. In ta yi goma a zafin nan, gasar ta tashi kenan, jikinta ba zai dawo cikin kwana shida ba."

"Ba da kai nike ba."

"Mina, kada ki yarda."

Ba ta ko kalle shi ba. "Na yarda," ta ce.

*

A ƙofa Inna Hansai ta miƙa mata jakar tafiyarta. Mina ta tsuguna ta ciro takalman gasa, waɗanda ta yi wata biyu tana tattali don kada ƙasansu ya cinye kafin ranar. Tana ɗaure igiya tana gaya mata yadda aka yi.

Hansai ta duƙo dab da kunnenta.

"Ki yi gudu."

"Inna, ba a gudu."

"Ke rufe min baki! Ba irin gudun da za su gani ba. Ɗan ƙaramin nan da mijina yake yi miki faɗa a kai, wanda ni shekara huɗu ina kallo ban taɓa ganewa ba. Su wa za su gane? Waɗannan?"

Mina ta ci gaba da ɗaure igiya.

"Ni ba ruwana da kofin gasa, ba ruwana da ƙasar waje. Mijina nake so. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Ba ki ji ba. Kalle ni." Idon Hansai ya ciko. "Sa'ad da duk garin nan ke miki dariya, ana cewa ga mai karairaya ta fito, shi ne yake bin ki a keke da gorar ruwa. Yau ke za ki bi shi."

Ni kuwa na ce Hansai ba ki yi laifi ba, ko ni ce abin da zan faɗa kenan.

*

Ƙarfe sha ɗaya saura suka tsaya a bakin gari. Motar soja ce mai buɗaɗɗen baya. Kumandan na tsaye a bayan ya dafa ƙarfe, soja biyu na gefensa, Baba Zayyadu na zaune a daɓen bayan motar an jingina shi da tayar ajiya. Mina ta tuɓe zane ta bar dogon wando, ta ɗaure kallabi tamau.

Kwalta har wani ƙyalli take yi don zafi. Hagu da dama ba itace ko ɗaya, sai ƙasa ja da tsibin dutsen da kamfani ya tono ya bari.

"Tahi!"

Ta ɗauka.

Sojojin suka fashe da dariya, kamar yadda kowa ke yi in ya fara gani. Ƙugu na juyawa, hannuwa na sara iska, dunduniya na sauka kafin yatsun baya su bar ƙasa. Amma kafin tuli na ɗaya dariyar ta mutu, don direba sai da ya ƙara wuta.

"Biyat da goma!" Kumandan ya ɗaga murya.

Ya yi. A kowane kilomita minti biyar da daƙiƙa sha takwas take bukata, ba ƙari.

Tafiya ba baƙuwarta ba ce. Tana 'yar shekara sha ɗaya fari ya cinye raƙuman mahaifinta, suka tako daga duwatsu har Arlit, kwana tara, tana goye da ƙanwarta. Tun daga nan ba ta taɓa jin tsoron hanya ba. Yau ta ji.

Tuli na biyu. Na uku.

A na huɗu yawun bakinta ya ƙafe. Da asuba ce, da yanzu keken Baba Zayyadu na gefenta yana ƙara, yana miƙo mata gora. Yau ba keke, ba gora, sai ƙugin mota da warin gas.

"Ashirin da shida da hamsin!"

Na biyar kenan. Ta makara da daƙiƙa ashirin.

Ta ce wa ƙafafunta ku yi haƙuri. Suka ƙi. Zafin kwalta ya ratso takalmin, kanta ya fara sarawa, farin tulin da ke gaba ya zama biyu sannan ya koma ɗaya.

"Talatin da biyu da rabi!"

Na shida. Daƙiƙa arba'in da 'yan kai sun tafi, kuma ta san lissafin, ba sa dawowa da kansu.

Muryar Hansai ta faɗo mata.

Wallahi ba ta yanke shawara ba. Gwiwar ce kawai ta ɗan saki, kaɗan, abin da bai kai kaurin yatsa ba. Ƙafar baya ta bar ƙasa kafin ta gaba ta sauka. Nan da nan hanya ta yi sauƙi, iska ta shiga ƙirjinta. Taku goma, ashirin, hamsin. Ta saci kallon motar. Kumandan agogo yake kallo. Sojojin hanya suke kallo. Ba wanda ya ga komai.

"GWIWA!"

Kamar an zabga mata bulala. Kafin tunaninta ya iso, ƙafar ta riga ta miƙe, dunduniya ta koma ƙasa. Shekara huɗu jikinta na bin wannan muryar, bai san yadda ake ƙin ta ba.

Baba Zayyadu ne. Ido rabi a rufe, leɓe a bushe, mutumin da ko zama da kyar yake yi. Bakinsa ne ya yi aikin da ya saba kowace asuba, bai nemi izininsa ba.

Innalillahi. Ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na riƙe kai.

Motar na dab da ita, tana jin komai.

"Mi ka ce?" in ji Kumandan.

Baba Zayyadu ya kauda kai.

"Malam, da kai nike. Mi ka ce?"

"Suɓutar baki ce, ranka ya daɗe."

"Suɓutar mi? Gwiwa ta yi mi?"

Mina na tafiya tana roƙon Allah a ranta. Baba ka ce ciwo ne. Ka ce tuntuɓe ta yi. Ka ce komai.

"Ta lanƙwashe," in ji shi, murya can ƙasa.

"In ta lanƙwashe hwa?"

"A dokar wasan... gudu ne."

Kumandan ya juya wajen sojojinsa. "Kai ka gani?"

"Ban gani ba."

"Kai hwa?"

"Ni dai yadda ta faro haka nake ganinta."

Kumandan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mu ukku, ido shidda, ba wanda ya gani sai kai. To madalla. Daga yanzu kai ne alƙali. Ku tada shi zaune sosai, ya kalle ta da kyau."

Suka kama shi suka jingina da ƙarfen gefe, fuskarsa na kallon ƙafafunta.

A tuli na bakwai kwalta ta yi baƙi inda mota ta ƙone. Gilashi a warwatse, da takalmin soja ƙwaya ɗaya da ba wanda ya ɗauke. Kumandan bai kira lokaci a nan ba. Mina ta bi ta kan baƙin wurin, gwiwa a miƙe, hawaye na zuba suna bushewa kafin su kai haɓa.

Ta ba hanyar duk abin da take da shi, tsakani da Allah. Tafiya mai tsabta, irin wadda da a filin gasa ne alƙalai sai sun gyaɗa kai. Amma tsabta ba ta sa agogo ya jira.

"Arba'in da ukku da arba'in!"

Na takwas.

Saura kilomita biyu, saura minti tara da daƙiƙa ashirin. Ko ranar da ta fi kowace rana lafiya, da sanyin asuba, da cikinta a ƙoshe, ba ta taɓa yin biyu a haka ba. Ita ta sani. Mutum ɗaya ne kuma a duniya ya sani bayan ita, ga shi can an jingina shi yana kallonta.

Ba ta da dabara. Ba ta da wanda za ta kira. In ta tafi daidai, ta sa shi a motar masu laifi da ƙafafunta. In ta karya, ta sa shi a tsakanin bakinsa da ransa.

"Baba," ta ce, ba tare da ta juya ba, muryar ma da kyar ta fito. "Ka yi shiru. Don Allah, don Annabi, ka yi shiru."

Ta saki gwiwar.

Wannan karon da saninta ta yi. Ta bar ƙugu yana juyawa, ta bar hannuwa na sarawa yadda ido zai ga kamar ba abin da ya canza, amma a ƙasa shawagi take. Kowane taku tana jiran tsawar. Bayanta har tsuma yake yana jira.

Ba ta zo ba.

Taku ɗari. Ɗari biyu. Shiru.

Sau ɗaya ta waiwaya. Idonsa na kan gwiwarta, bai kauda ba, don soja na riƙe da kafaɗarsa. Ya cije leɓensa na ƙasa, jini na bin furfurar gemunsa. Ba ta ƙara waiwayawa ba.

"Arba'in da takwas da ashirin!"

Na tara.

Daga nan ba ta san me ya faru ba. Ta dai san akwai wani farin abu a gaba, kuma in ta kai gare shi za a bar ta ta faɗi. Kunnenta ya toshe. Takalmin dama ya jiƙe, ba ta san ko gumi ne ko jini ba. Gasar ƙetare, da jirgin Yamai, da tutar da aka ce za a ɗinka mata a riga, duk ta ji suna zubewa a hanya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da hannun tsinta.

Ta dafa tuli na goma ta zube a kansa.

Mota ta tsaya. Ta ji saukar takalma. Wani ya kwara mata ruwa a ka, ruwan ma da zafinsa.

Kumandan Kalilu ya tsaya a kanta yana kallon agogo. Ya daɗe.

"Hamsin da biyu da hamsin da ɗaya."

Ɗaya daga sojojin ya ce, "Kai! Wallahi ta yi."

Mina ta kifa fuska a kan dutse ta fashe da kuka. Alhamdulillahi kawai take iya faɗa, shi ma rabi-rabi.

"Ku sauko da shi."

Aka sauko da Baba Zayyadu. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya durƙusa a bakin kwalta, taku uku tsakaninsa da ita.

Kumandan ya tsuguna a gabansa. Muryarsa ta sauka, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Malam, agogo ya ba ka gaskiya. Saura kalma guda. Ni ban san wasan ga ba, kai ka san shi. Daga tara zuwa goma na ga kamar ta ƙara sauri." Ya nuna sama da yatsa. "Ka ce wallahi tahiya ta yi, in kwance ka nan wurin, ka tahi gida ka ci abincin matarka."

Mina ta ɗago kai.

Kalma ɗaya ce. 'Yan kasuwa na faɗarta sau ɗari kafin azahar a kan kuɗin albasa. Amma wannan mutumin, shekara huɗu bai taɓa yi mata kyautar daƙiƙa ɗaya a kayen nan ba. Ranar da ta yi hamsin da uku da daƙiƙa ɗaya ta roƙe shi ya share ɗayar, ya ce agogo ba ƙanen babanta ba ne.

"Baba..." Ta ja jiki a ƙasa ta kama bakin rigarsa. "Baba, Inna yana jira a ƙofa. Ka faɗa. Zunubin a kaina, na ɗauka. Wallahi na ɗauka."

Ya dube ta. Ya dubi gwiwoyinta da ke karkarwa, da takalmin da ya rine ja.  Hawaye ya gangaro ya haɗu da jinin gemunsa.

"Sannu, 'yata," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Ki yafe min."

"Baba, a'a!"

Ya juya wajen Kumandan.

"Ba daga tara ba ne, ranka ya daɗe. Tun daga takwas take gudu."

Ba wanda ya motsa. Ko direba ya kashe mota.

Kumandan Kalilu ya miƙe tsaye a hankali, idonsa a kan tsohon. Sannan ya kai hannu ɗamararsa, inda makullin ankwa da ƙaramar bindiga ke rataye gefe da gefe.